Ranar da Gonroku Ya Ambaci Tobisawa

Duk wanda ya ci abinci da rumfar kallo ya san doka ɗaya, ko da bai san komai ba a duniya: abin da ka kawo wa mutane su gani, daga nesa za ka ce ya fito. In kana birnin Edo, ka ce daga arewa aka samo shi, can inda ƙanƙara ke binne gidaje. In ka hau arewa, sai ka juya harshe ka ce daga kudu ne. Ba don ado ake yin haka ba. Ana yi ne don kada wata rana wani ya miƙe cikin 'yan kallo ya ce, "Kai mai rumfa, ai garinmu kake faɗa." Gonroku ya san dokar nan sarai, shi ya koya wa wasu ma. Shekara ashirin da huɗu yana tsaye a ƙofar rumfa, yana buga katakansa biyu yana kiran jama'a, kuma duk bakin gadar Ryogoku da ke Edo babu mai zaƙin bakinsa. To, bakin nan nasa ne ya cuci Oriku.

Oriku ita ce Macen-Biri. Da gashi aka haife ta, baƙi mai laushi, tun daga goshi har idon sawu, ba abin da ya tsira sai leɓɓanta da tafin hannu da na ƙafa. Ubanta mai gyaran laima ne a birnin Osaka can kudu, mutum mai kunyar idon maƙwabta. Ya ɓoye ta a ƙuryar ɗaki shekara tara, da ya gaji ya miƙa ta ga Gonroku. Ba ta taɓa cewa ya zalunce ta ba. A rumfa ta fara shan rana, a rumfa ta fara ƙoshi, nan ta koyi ɗinki da shan lofe da zagi. Kai, zagi kam ta iya shi! In ta fara da mutum sai ya gwammace mari. Amma da zarar ta shiga keji an ɗaga labule, to ba ta da harshe. Sai tsugunno, sai susa, sai ƙara mai tsinka zuciya in wani ya cika matsowa. Wannan ita ce doka ta biyu, kuma ba ta taɓa karya ta ba.

Shekarar da hukuma ta rushe rumfunan bakin gada, suka naɗe asabaransu, suka ɗora keji a amalanke suka bi hanya su uku: Gonroku, Oriku, da Iwagoro, ƙaton da ba ya shiga ƙofa sai ya sunkuya, mai ciwon gwiwa da zuciyar ɗan tsako. Gari gari suke bi, duk inda haikali ke biki su kafa rumfa. A haka har suka shiga ƙasar Dewa can arewa, kaka ta yi nisa, suka sauka a wata kasuwar haikali da ke gindin duwatsu.

Garin bai kwanta wa Oriku ba. Ta leƙa ta ɓular asabari da safe, ta ga mutanen ƙauyuka suna gangarowa, wuyansu duk ya yi tsawo, ba mai dariya. Damina uku ke nan a jere tana zuwa musu da sanyi, shinkafa ta tsaya a gona kore shar ba ƙwaya, ɗan geron da ya tsira kuma birai sun sauko sun share. Mai alewa yana ta kaɗa ƙararrawa, ko kallonsa ba a yi. Mutum mai ƙoshi yakan zo kallo ne ya yi dariya ya tafi. Waɗannan ba ta san me suka zo nema ba.

"Tsoho," ta ce, tana shafa mai a gashin kumatunta, "yau daga ina na fito?"

"Daga Satsuma can ƙarshen kudu, ranki ya daɗe."

"Maimaita."

"Satsuma! Haba gimbiya, ni za ki koya wa sana'ata? Tun kina tsiyayar majina nake wannan aiki."

"Da majinar ka yi wannan tumbin. Ka dai riƙe bakinka, ka ji na gaya maka. Mutanen nan idonsu bai yi mini ba."

Sau uku aka cika rumfa aka watse, sau uku Gonroku ya ce Satsuma. A na huɗu rana ta take tsaka, maƙogwaronsa ya bushe, ga wani jariri yana tsala kuka a gaba ya hana shi jin kansa. Kwana goma kacal ya yi yana cewa Satsuma. Tsohon labarin kuwa, shekara ashirin da huɗu yana rera shi, ko barci yake in ka buga katako zai ɗauko. Ya buga katakan, harshe ya bi tsohuwar hanyarsa.

"Ku matso, iyayengijina, ku matso ku ga abin tausayi! A ƙasar Dewa, a ƙauyen Tobisawa, akwai wani maharbi, sunansa Matazo. Ya hau dutse a watan goma, ya tarar da uwar biri da ciki. Ta haɗa hannuwanta biyu tana roƙonsa, kamar ni kamar ku. Bai ji ba, ya sake mata wuta!"

Oriku na jin "Dewa" gabanta ya yanke ya faɗi. Ta kama sandunan keji ta girgiza, ta ƙwala ƙarar da ba ta taɓa yi ba, ko za ta rufe muryarsa. Sakaran sai ya zaci ƙwazo ne ya motsa mata, ya ƙara ɗaga murya.

"Kafin shekara ta kewayo matarsa ta haihu. Abin da uba ya yi, a jikin 'ya ya fito! Ya kai ta kan dutse ya ajiye a gindin bishiya. Wani mai yawon ibada ya tsince ta, birai suna ba ta nono, ya sauko da ita. Ga ta nan, shekararta talatin da uku, ba ta mutum ba ta dabba!"

A daidai wannan gaɓar mata sukan ce wayyo, maza su yi dariya, wani ya jefo ɓawon wani abu. Yau ba ko ɗaya. Rumfa ta yi tsit, har jaririn ma uwarsa ta toshe masa baki da nono. Sai Oriku ta ga kawuna suna juyawa baya ɗaya bayan ɗaya. Can jikin asabari wani tsoho ne tsaye, busasshe, da fatar kare a kafaɗa irin ta maharba, kuma duk cunkoson nan akwai fili a kewaye da shi, ba wanda ya raɓe shi.

Wani ya ce a hankali, "Matazo, kai ake kira."

Sai a lokacin Gonroku ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Katako ɗaya ya suɓuce masa.

Wani dattijo mai tsabtar riga ya ratso jama'a ya zo gaba, ya sunkuyar da kai ya gaida Gonroku kamar wani babban baƙo. Ladabin nan shi ya fi komai tsorata Oriku. Da zagi ya zo da shi, da ta san yadda ake yi.

"Mai rumfa, sannu da aiki. Ni ne mai garin Tobisawa. Ka ce wani ya sauko da ita daga kan dutse?"

"A'a, ranka ya daɗe, wato, ka san sana'armu..."

"Shekara talatin da uku," mai gari ya ce, ya juya yana kallon mutanensa. "Mun ba Uwar Dutse da muke bauta wa abin da ke nata, a raye, yadda aka saba. Muka zauna muna cewa ta karɓa. Ashe ɗauke shi aka yi aka kai birni ana nunawa. Mu kuma muna nan muna binne yaranmu muna tambaya, me muka yi?"

Wani gunji ya bi rumfar, ƙasa-ƙasa. A nan Oriku ta karya dokar da ta riƙe tun tana 'yar shekara tara. Ta miƙe tsaye iyakar yadda kejin ya bari, ta buɗe baki.

"Baba mai gari, ka saurare ni. Ni mutum ce, 'yar Osaka. Ubana laima yake gyarawa, kakana ma laima. Ban taɓa taka ƙasar nan ba sai makon jiya. Gashi ne kawai, haka aka haife ni. Wancan labarin duk tallan kaya ne."

Ta zaci za su yi dariya, ko su fusata su ce an yaudare su su yaga rumfa. Da ta so hakan. Maimakon haka wata tsohuwa ta zube a gwiwa ta haɗa hannu tana cewa, "Ta yi magana, ta yi magana." Wasu suka bi ta suka durƙusa.

"Bakin kudu ne da ita," wani ya ce. "Ai a can suka rene ta."

"Ƙarya ce na shirya!" Gonroku ya ce, gumi na bin wuyansa. "Na rantse da kabarin uwata, ƙarya ce. Haka muke yi, kowane abin kallo da labarinsa. Wancan ƙaton ma cewa nake ɗan aljani ne, alhali ubansa masunci ne. Ku tambaye shi!"

"To," in ji mai gari, bai ɗaga murya ba. "In ƙarya ce, wa ya gaya maka sunan Matazo? Wa ya gaya maka watan goma ne? Haɗa hannun da birin ta yi, mutum uku ne suka gani, biyu sun mutu."

Oriku ta juyo ta zuba wa Gonroku ido. "Tsoho, ina ka samo sunan?"

Ya kasa kallonta. "Wani mai tallar magani ne, a gidan giya, tun kafin in san ki. Ya ba da labarin, na ga ya yi daɗi, na ajiye. Mai yawon ibada da nonon birai ni na ƙara. Ina zan san akwai garin da gaske?"

"Amma kai kam an yi tsinanne," ta ce. "Shekara ashirin da huɗu kana rataya mini mutanen gaske a wuya, ko sunan ka kasa canzawa?"

"Kun ji da kunnenku," in ji mai gari. "Mai magani ya gaya masa gaskiya. Sai kuma wai mai rumfa ya fita ya yi kiciɓis da yarinya mai gashin biri, mai shekaru daidai, ba ƙari ba ragi. Mai rumfa, mu mutanen ƙauye ne, amma ba jarirai ba ne." Ya juya baya. "Matazo, matso ka duba. Taka ce?"

Tsohon ya tako a hankali, mutane na janye rigunansu kada ya shafe su. Ya tsaya gaban keji. Oriku ta kalli idonsa, ta sa duk roƙon da take da shi a nata idon. Ya daɗe yana kallonta.

"Tawa ce," ya ce.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Kejin nan ba shi da kwaɗo, tunda ita ke shiga ita ke fita, sai suka zagaye ƙofar da igiya suka ƙulle. Iwagoro ya taso yana cewa, "Ku bari, don girman iyayenku ku bari," wani ya kai masa sanda a gwiwar da ke ciwo, ƙaton ya zube yana kuka kamar yaro. Maza sun fi arba'in, da yawansu da lauje a ɗamara. Gonroku ya yi waje yana ihun zai kira hukuma. Wace hukuma? 'Yan rumfa ba sa cikin littafin sunayen jama'a na kowane haikali, ba garin da ya san da zamansu. In aka rasa ɗaya ba a rasa kowa ba. Oriku ta san haka, shi ma ya sani. Ta hango shi tsaye a bakin kasuwa, yana dube-dube, bai san inda zai nufa ba.

Suka zura sanduna biyu a ƙarƙashin kejin, mutum huɗu suka ɗauka a kafaɗa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya jefe ta. In hanya ta yi gargada sai wani ya ce, "A hankali, kada ta bugu." Ita kuwa bakinta bai huta ba. Ta yi roƙo. Ta lissafa musu layukan unguwarsu a Osaka, da sunan mai awara na kusa da gidansu, da sunan uwarta. Ta ce su aika mutum ya tambayo, za ta jira ko wata nawa ne, su ɗaure ta a ɗaki in sun so. Da roƙo ya ƙi ci ta koma zagi, ta zage su tas, su da kakanninsu da gonakinsu. Wani saurayi cikin masu ɗauka ya ce, "Ki yi haƙuri, yaya, ƙanwata ta mutu a bazara." Ya faɗa ne ba da fushi ba. Daga nan zagin ya maƙale mata.

Tsoro irin wannan ba ta san shi ba. Ta san tsoron mashayi mai zuro sanda cikin keji, ta san na gobara a rumfar asabari. Wannan daban ne. Mutane ne masu tausayinta, kuma kashe ta za su yi.

Suka isa Tobisawa rana ta ɗan karkata. Gidaje ne kamar ashirin masu jinka baƙa, wasu an giciye ƙofarsu da katako. Mata suka fito bakin hanya suka haɗa hannu. Wata ta zuro ɗan curin gero ta tsakanin sanduna, a shekarar da curin gero ya fi ƙarfin mai gida. Wata ta zuro mataji. A ƙarshen gari, nesa da sauran, akwai wata bukka, wata mata tsaye a ƙofa ita kaɗai da goyo, ba wanda ya tsaya kusa da ita. Matazo ya wuce ta bai ɗaga kai ba. Oriku ta ji ana raɗa cewa surukarsa ce, matar ɗansa da ya rasu, kuma daga yau watakila a bar ta ta ɗebi ruwa tare da mutane.

Bayan gari hanya ta miƙe sama cikin kurmi. Suka yi ta hawa har inda aka gitta igiyar karan shinkafa tsakanin bishiyoyi biyu, da fararen takardu na reto a jiki. Nan suka sauke kejin. Daga igiyar nan zuwa sama na Uwar Dutse ne, maharbi kaɗai ke wucewa. Suka fito da ita, suka ɗaure hannuwanta ta baya, suka sa wata igiya a ƙugunta suka miƙa wa Matazo bakin.

"Kai ka ɓata, kai za ka gyara," in ji mai gari. "A wurin da ka ajiye ta da farko, kuma a raye. Kada ɗigon jini ya taɓa ƙasa. Muna nan har ka sauko." Sannan ya sunkuya wa Oriku har ƙasa. "Ki isa lafiya. Ki gaya mata mun mayar."

Ba nisa sosai. Hanyar ta lanƙwasa sau biyu ta kai su wani ɗan fili mai tsohuwar bishiya a tsakiya, wadda mutum biyar ba za su rungume ba. Sanyi ya fi na ƙasa, a saman dutse kuwa ƙanƙara ta riga ta sauka, fari fat. Tun daga nan Oriku tana jiyo tarin wani daga cikin mazan da ke jira a ƙasa. A kan rassa akwai birai, manya da ƙanana, jajayen fuska, sun yi shiru suna kallo. Rabonta da ganin biri tun wani na wasa a Edo mai 'yar riga. Waɗannan ba su yi kama da shi ba.

Matazo ya zaunar da ita tsakanin saiwoyi biyu, ya fara zagaya bishiyar da igiya. Aikinsa tsaf, ba gaggawa, ƙulli irin na maharba. Oriku ta ji igiyar ta matse ƙirjinta. Ta duba ta ga gaskiya ta ƙare mata, ta faɗe ta tun a rumfa ba ta saya mata komai ba. Abin da ya rage mata ɗaya ne, sana'arta. Shekara ashirin da huɗu tana zama abin da mutane suka biya su gani. Ta sassauta murya, ta bar hawayen da ke maƙale suka zubo, ba sai ta nemo su ba.

"Baba."

Hannun tsohon ya tsaya.

"Baba, ƙarya nake yi ɗazu, tsoro ne. Ni ce. Tun ina ƙarama nake mafarkin bishiyar nan. Kullum in an faɗi sunanka a rumfa sai in ce, yana raye kuwa? Yana tunawa da ni? Ka bar ni sau ɗaya, Baba, ban riƙe ka ba. Kada ka bar ni sau biyu. Ka sassauta igiyar kawai, zan bi ta bayan dutse, ba wanda zai sake ganina. Ka ce musu ka ɗaure."

Ita kanta sai da maganar ta taɓa ta. Mai gyaran laima bai taɓa bari ta kira shi baba a gaban mutane ba. Tsohon ya zagayo ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Idonsa ya kawo ruwa. Zuciyarta ta buga, ta ce a ranta, na samu.

"'Yar nan," ya ce, "kada ki wahalar da kanki. Na san ke ba tawa ba ce."

Ta tsai da kukan, ta zuba masa ido.

"Tun a rumfa na sani. Tawa ba ta da gashi haka, ɗan kaɗan ne a bayanta da kunnuwa. Unguwarzoma ce ta kwarmata, gari ya ɗauka." Ya goge hanci da bayan hannu. "Suka ce in kawo ta nan in ajiye a raye. Kwananta biyu a duniya. Na kawo ta, na ajiye, na juya zan tafi. Sai na ga hankaki sun fara sauka. Tana kuka, tana motsa 'yan ƙafafu. Na yi tafiya har kwanar can na dawo. Ban iya ba. Na sa hannu na rufe mata baki da hanci. Da wuƙata na tona. Kina zaune a kanta."

Oriku ta ji ƙasar da ke ƙarƙashinta ta yi sanyi har cikin ƙashi. "To don me ka ce taka ce? Don me, tsoho? Kalma ɗaya ce!"

"In na ce ba tawa ba ce, mai gari zai ce, yaya aka yi ka sani? Ba a kashe abin Uwar Dutse. In suka ji, ba ni kaɗai ba ne. Kin ga matar can da goyo. A shekarar nan in gari ya juya maka baya, ba ka kai bazara." Ya sunkuyar da kai. "Shekara talatin da uku ban gaya wa kowa ba, ko uwarta ta mutu ba ta sani ba. Yau na faɗa. Ke kam ba za ki sauka ba."

Ya yi ajiyar zuciya kamar wanda ya sauke dami. Wai har sauƙi ya ji, tsohon banza, a gaban matar da ya ɗaure.

A ƙasa mutumin nan ya sake yin tari, wani ya yi masa magana, ta ji har kalmomin. Kusa suke. Abin ya faɗo mata gaba ɗaya. In ta ɗaga murya za su ji. In suka ji za su matsa masa, za a tona tsakanin saiwoyin nan, za a ga 'yan ƙasusuwa. Mataccen jariri ba ya girma ya je Edo. Ta tuna matar mai goyo, ta tuna ta sarai, tsaye ita kaɗai a ƙofar bukka. Ta ji tausayinta, kuma ta zaɓi ceton kanta. Ta ja numfashi iyakar yadda igiya ta bari.

Maharbi ne. Duk rayuwarsa kallon dabba yake yi kafin ta zabura. Ya ga ƙirjinta ya ɗaga, ya ga inda idonta ya nufa, a take ya gane abin da ya yi da bakinsa.

"Mai ga..."

Iyakar abin da ya fita ke nan. Tafin hannunsa ya rufe bakinta da hancinta, mai kaushi, yana warin taba da ƙasa, ɗayan hannun ya danne ƙeyarta a jikin bishiya. Ta cije shi har ta ji gishirin jini, bai motsa ba. Ta yi ta shure-shure, dugaduganta na tone ganyaye. A sama birai suka fara tsalle daga reshe zuwa reshe suna ƙara.

Daga ƙasa muryar mai gari ta taso. "Matazo! Lafiya?"

"Lafiya, ranka ya daɗe!" ya amsa. "Birai ne!"

Sannan ya kawo bakinsa kusa da kunnenta. Kuka yake yi, hawayensa na jiƙa gashin kumatunta.

"Yi haƙuri, 'yar nan," ya ce. "Ba ya daɗewa. Waccan ma ba ta daɗe ba."